Kafin Ka Sayi Hannun Jari A Ƙaramin Kamfani

A ƙasar Haɗeja, idan an kwashe shinkafa da tattasai daga fadama, kuɗi kan taru a hannun 'yan kasuwa. Haka nan ma'aikacin da ya ajiye aiki yakan karɓi garatutinsa a dunƙule. A daidai wannan lokaci ne masu talla suke kunno kai, a da da takarda, yanzu kuwa ta wayar hannu, suna cewa ga wani ƙaramin kamfani, hannun jarinsa da araha, wanda ya saya bana baɗi ya ninka. Abin da akan tambaye mu shi ne, ya halatta? Mu kuwa a ganinmu tambayar biyu ce, domin abu yana iya zama halal, amma ya cinye wa mutum uwar kuɗinsa.

Al'amarin ba baƙo ba ne. Dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, su ne suka jawo attajiran Arewa da yawa cikin wannan harka. A 1985 kasuwar hannun jari ta Legas ta buɗe sashe na musamman domin ƙananan kamfanoni, ta sassauta musu sharuɗɗan shiga. To, abin da aka sassauta wa kamfani, kan mai saye ya koma.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware asalin maganar a babin ƙiradi, watau mutum ya ba wani jari ya yi fatauci, su raba riba bisa kason da suka yarda, rabi ko sulusi. Ba a yanke adadin riba tun da fari, ba a kuma lamunce uwar kuɗi. In an yi hasara ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ribarka kaza ce kowane wata, babu fashi, ya fita daga wannan babi. Jama'a ba su manta da MMM ba, wadda ta rufe wa mutane kuɗinsu a watan Disamba na 2016.

Wajen halacci, a fara da sana'ar kamfanin: giya, caca da bankin kuɗin ruwa duk a kauce musu. Daga nan sai a buɗe rahoton shekara. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta sa ma'auni: bashin ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigar da ba su halatta ba kuma kada su wuce kashi 5, sa'an nan mai hannun jari ya fitar da rabonsa na wannan gurɓataccen kaso ya bayar, ba da niyyar neman lada ba. Kamfanin da ba ya fitar da rahoton da masu binciken lissafi suka sa wa hannu, ta yaya za a auna shi?

Amma babban haɗarin ƙaramin kamfani, wanda masu talla ba sa ambata, shi ne wahalar sayarwa. Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Haɗeja ya san cewa farashin da dillali ya faɗa ba kuɗi ba ne sai mai saye ya ƙirga. Hannun jarin babban kamfani kullum ana cinikinsa. Na ƙarami yana iya yin makonni ba wanda ya taya. Misali, mutum ya zuba naira miliyan biyu, ɗiyarsa za ta yi aure, ya ce a sayar, sai a tarar babu mai saye sai an karya farashi. A faɗuwar kasuwa ta 2008 mutane da yawa sun ɗanɗana wannan, musamman waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari. Kuma a tambaya, da me kamfanin ya dogara? In abincinsa shinkafar kwarin Haɗeja kaɗai ce, to ambaliya irin ta 2022 tana iya tsayar da injinansa shekara guda.

Wanda ba shi da lokacin wannan bincike, akwai asusun haɗaka, inda ake tara kuɗin jama'a a rarraba su a kamfanoni da yawa. Lotus Capital ta buɗe irinsa na halal a 2008, gwamnatin tarayya kuma ta fara sayar da sukuk a 2017, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi. Ko a nan ma sunan halal ba lamunin riba ba ne. A nemi sanin ladan da manajan asusun yake yanka kowace shekara, da malaman da ke duba shi, da kwanakin da akan yi kafin a mayar wa mutum kuɗinsa. A kuma tabbatar sunansa, da na dillalin, suna cikin rajistar hukumar SEC, sa'an nan a rubuta abin da aka saya a nuna wa magada inda takardun suke.