Makeron mage da jita-jitar ƙanjamau

Da zarar an ga gashin mage ya zube wuri-wuri, fatar ta yi ɓawo, sai ka ji an ce ƙanjamau gare ta, a kai ta bola kafin ta shafa wa yara. Tsoron yana da dalili, sai dai an ɗora shi inda bai dace ba.

Gaskiya ne akwai ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jikin mage, ana kiranta FIV. A Kalifoniya ta Amurka aka gano ta a 1986, kuma galibi cizo ne ke yaɗa ta tsakanin muzuraye masu faɗan dare. Amma ba ta kama ɗan Adam ko kaɗan.

Wanda ke kama mutum shi ne wanda ido ke gani, wato makero. Ƙwayar fangas ce mai cin gashi da saman fata. Lafiyayyar mage takan warke da kanta cikin 'yan watanni, amma 'yar ƙarama, ko tsohuwa, ko wadda yunwa da jinya suka ramar, sai ya mamaye ta. Gidan da katangarsa ta zube ai ko akuya ma shiga take. Kuma yawancin masu makeron nan ba su da FIV.

Abin takaicin shi ne maganin da muke yi. Wani ya shafa mata baƙin mai, ta lashe ta sha guba. Wani ya sayo man ƙaiƙayi mai haɗin sitiroyid a kemis, jan ya lafa, fangas ya ƙara samun wuri. Farasitamol kuwa kashe mage yake yi. Likitan dabbobi zai ba da maganin sha na makonni da na wanka, a kuma wanke shimfiɗa sosai, domin ƙwayar kan wuce shekara a gashin da ya zube kan tabarma. Jefar da magen ba ya fitar da ƙwayar daga ɗaki.

Hukumominmu na kiwon lafiyar dabbobi shanu da kaji suka fi sani, mage ba ta cikin lissafi. Wannan sakaci kuwa yana da haɗari: a Rio ta Burazil, wata cutar fangas mai suna siforotirikosis ta ɓarke tun 1998, magunan titi suka taimaka wajen yaɗa ta, ta kama dubban mutane ta hanyar yakushi da cizo.