Zaɓen Masauki A Ikko: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi

Ko da yake an mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, har yanzu Ikko ce cibiyar cinikin Nijeriya. A can manyan tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suke, da hedkwatocin yawancin bankuna, da kasuwannin sari waɗanda 'yan kasuwar Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri ba su da makawa sai sun riƙa zuwa. Wani yakan je sau ɗaya a wata, wani kuwa duk mako biyu.

Ga mai irin wannan zirga-zirga, kuɗin masauki wani ɓangare ne na kuɗin kaya, kamar kuɗin mota da na dako. Alal misali, wanda yake zuwa sau biyu a wata yana yin kwana uku-uku, zai yi kwana 72 a otal cikin shekara guda. In aka sami bambancin naira 10,000 a kowane dare tsakanin otal biyu, to, a ƙarshen shekara bambancin ya kai naira 720,000. Sai dai kuma kuɗin ɗakin da aka rubuta a allon otal ba shi ne dukan abin da baƙo yake kashewa ba. Akwai haraji, akwai kuɗin zirga-zirga, akwai kuma sa'o'in da cunkoson motoci yake cinyewa, kuma tilas ne a haɗa su duka kafin a ce wannan masauki ya fi wancan araha.

Tun daga 1912, lokacin da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, fataken goro da na shanu sukan sauka a gidan fatoma ne a unguwannin Hausawa irin su Agege. Fatoma yakan ba su wurin kwana, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da masu saye, ya ɗauki la'adarsa in ciniki ya faɗa. Gidansa yana kusa da kasuwa, kuma ya san baƙonsa. Har yau wasu dillalan dabbobi da na kayan gwari suna bin wannan tsari. Wanda harkarsa ta kai shi ga kwana a otal, abin da zai nema a can bai wuce abubuwan da fatoma yake bayarwa ba, wato kusanci da wurin ciniki, da amana, da sanayya.

Inda harka take, can za a kwana

Ruwa ya raba Ikko kashi biyu. Akwai ɓangaren tsibiri, wanda ya ƙunshi Tsibirin Ikko da Ikoyi da Tsibirin Victoria, ya miƙe har zuwa Lekki. Akwai kuma ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Yaba da Surulere da Apapa da Ojo suke. Manyan gadoji uku ne suka haɗa su: gadar Carter, da gadar Eko, da gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka buɗe a 1990. Da safe motoci sukan yi dafifi zuwa tsibiri, da yamma kuma su juyo zuwa tudu. Duk wanda ya kwana a wani ɓangare alhali harkarsa tana ɗaya ɓangaren, ya sa kansa cikin wannan dafifi sau biyu a yini, kuma tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba da tsakar dare tana iya cin sa'a biyu ko fiye. In kuma aka rufe gada domin gyara, kamar yadda aka yi wa Third Mainland a 2020 da kuma farkon 2024, sai abin ya ƙara tsananta.

Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya dubi inda ya fi zuwa. Mai sarin atamfa da yadi da leshi a Balogun da Idumota ya fi dacewa ya sauka a Tsibirin Ikko, ko a Ebute Metta da Yaba waɗanda suke daf da gada. Mai sayen kayan lantarki a kasuwar Alaba ta Ojo, ko kayan gyaran mota da kayan shafawa a harabar baje koli da ke kan hanyar Badagry, ya nemi masauki a Festac ko Amuwo Odofin ko Ojo. Mai sayen wayoyi da kwamfuta a kasuwar Computer Village, Ikeja ce tasa, ga kuma filin jirgin sama na Murtala Muhammed nan kusa. Mai kawo tumatir da albasa da tattasai Mile 12 ya duba Ketu da Ojota, mai harkar shanu kuwa Agege, inda mayankar Oko-Oba take. Wanda ya zo fitar da kwantena daga Apapa ko Tin Can zai fi samun sauƙi a Apapa ko Surulere. Amma tashar jiragen ruwa ta Lekki, wadda ta fara aiki a 2023, da matatar man Dangote, suna can gabas mai nisa a yankin Ibeju-Lekki, kuma kuskure ne babba mai hulɗa da su ya kwana a Ikeja.

Hanyoyin sufuri ma sun canja, kuma ya kamata a sa su cikin lissafi. Tun daga 1 ga Yuni, 2022, Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida da suka haɗa da Ikeja da Apapa da Surulere da Tsibirin Ikko, daga baya ta ƙara wasu. Dabarar nan ta hawa babur a ratsa cunkoso ba ta da amfani a waɗannan wurare. A maimakon haka akwai manyan motocin BRT masu hanyarsu ta daban, waɗanda suka fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja a Satumba 2023, da kuma wanda yake tashi daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi zuwa Oyingbo, wanda ya fara a 2024. Otal ɗin da za a iya takawa da ƙafa daga gare shi zuwa tashar ɗayan waɗannan ya cancanci a ƙara masa wani abu a kan wanda yake can cikin lungu.

Abin da ake ƙarawa a kan kuɗin ɗaki

An kafa harajin VAT a Nijeriya da dokar soja ta 1993, aka fara karɓarsa a Janairu 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, sa'an nan aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairu 2020. Jihar Ikko kuma ta yi tata dokar a 2009, wadda ta ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin ɗaki da na abinci a otal-otal da gidajen abinci. Bayan waɗannan, manyan otal da yawa sukan ƙara kuɗin hidima, wanda galibi kashi 10 ne. Idan otal ya ɗora duka ukun, ɗakin naira 50,000 zai koma naira 61,250: wato 3,750 na VAT, da 2,500 na jiha, da 5,000 na hidima. Wasu otal sukan haɗa duk wannan cikin farashin da suka faɗa, wasu kuwa sai ranar tafiya baƙo zai gani a takardar biya. Don haka tun kafin a karɓi mabuɗi a tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji, ko ya haɗa da karin kumallo, da kuma ƙarfe nawa ake barin ɗaki. Yawancin otal ƙarfe 12 na rana ne, kuma wanda jirginsa sai dare ya kamata ya daidaita da su tun farko, don kada a caje shi kuɗin rabin yini.

Wuta da ruwa

Babu abin da yake bambanta otal-otal na Ikko kamar wutar lantarki. A Afrilu 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'a 20 a yini, zuwa naira 225 kowane ma'auni, fiye da ninki uku na farashin da. An ɗan rage shi daga baya, amma nauyin bai sauka daga kan masu otal ba. Wanda ba ya cikin wannan rukuni kuma ya dogara ne da janareta mai shan man dizal. Wannan ya sa ƙananan otal da dama suke ƙayyade lokacin kunna inji, su kunna da magariba su kashe kafin asuba ko da hantsi. Ga wanda zai wuni a kasuwa ya dawo ya kwanta, wannan ba wata matsala ba ce. Amma wanda zai yi aiki da kwamfuta a ɗaki, ko ya karɓi abokan ciniki da rana, dole ya tambayi sa'o'in da ake ba da wuta, da kuma ko injin yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kaɗai. Kazalika ya buɗe famfo ya duba ruwan, domin yawancin otal da rijiyar burtsatse suke aiki, kuma a wuraren da ke kusa da teku ruwan yakan zo da gishiri ko launi in ba a tace shi ba. Da damina kuwa, musamman a Yuni da Yuli, wasu titunan Lekki da Tsibirin Victoria sukan cika da ruwa, har mota ta kasa kaiwa ƙofar otal.

Tsaro da amana

Ɗan kasuwa yakan zo da takardun kaya, da samfur, wani lokaci da tsabar kuɗi. Otal-otal da yawa sukan manna sanarwa cewa ba su da alhakin duk wani abu mai daraja da ba a damƙa musu ajiya ba. Wanda zai ba da ajiya ya karɓi rasit mai sa hannu da hatimi. Alamar otal mai tsari ita ce ana rubuta sunan kowane baƙo da shaidarsa, ba a barin mai ziyara ya wuce ɗaki sai an kira mai ɗakin, akwai mai gadi dare da rana, akwai kuma matakalar fita ta biyu da tukunyar kashe gobara a kowane bene. Ya fi kyau a gana da wanda ba a sani ba a zauren baƙi, kada a kai shi ɗaki.

Game da kama ɗaki ta intanet, hoto ba ya nuna ƙarar gidan rawa da ke maƙwabtaka, ba ya nuna halin titi. A karon farko a biya kuɗin dare ɗaya tak, in wuri ya yi sai a ƙara. Kuɗi kuma a tura shi cikin asusun da ke ɗauke da sunan otal ɗin. Duk inda aka ce a tura kafin alƙalami cikin asusun wani mutum, a dakata har sai an tabbatar, musamman a gidajen haya na 'yan kwanaki da suka yawaita a Lekki da Ikeja. Musulmi kuma zai so ya san ko akwai masallaci kusa, da irin naman da ake dafawa, da kuma ko mashaya tana jikin ɗakunan kwana. A Agege da Obalende da Idi-Araba da Mile 12 samun masallaci da abincin Arewa ba wuya, wanda ya sauka a tsibiri kuma yana da Babban Masallacin Ikko da ke titin Nnamdi Azikiwe domin sallar Juma'a.

Amfanin zama sananne

Babban jarin mai yawan zuwa shi ne yawan zuwan nasa. Mai otal ya fi son baƙon da zai kwana 72 a shekara a kan wanda zai kwana ɗaya ya tafi, saboda haka bayan zuwa biyu ko uku ya kamata a nemi ganin manaja, a gaya masa yawan kwanakin da ake yi, a nemi rangwame. Manyan otal suna da farashi na musamman ga kamfanoni, kuma ɗan kasuwa mai rajistar kamfani yana iya nema da takardar kamfaninsa. 'Yan kasuwa biyar ko goma na ƙungiya ɗaya in suka haɗu suka yi magana da murya guda, sun fi samun sauƙi. A rubuta yarjejeniyar, a kuma bayyana ko tana aiki a lokutan da ɗakuna suke wuya, kamar lokacin bikin baje koli na duniya da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Ikko take shiryawa a Nuwamba, da watan Disamba lokacin da mazauna ƙasashen waje suke dawowa gida farashi ya tashi.

Sanayya tana jawo wasu abubuwan da ba a rubuta su a allo: a ajiye wa mutum jaka har ya dawo, a karɓar masa saƙo, a haɗa shi da direban da aka yarda da shi, a bar shi a ɗaki har la'asar ba tare da ƙarin kuɗi ba. Duk da haka yana da kyau a riƙe otal biyu a unguwa ɗaya, domin in ɗaya ya cika ko hidimarsa ta lalace a koma ɗayan. A kuma riƙa adana rasit na kowane zuwa, a rubuta kuɗin ɗaki da haraji da kuɗin mota da abinci a littafi guda. Bayan wata uku ko huɗu, wannan littafi ne zai nuna wa ɗan kasuwa ainihin abin da kwana ɗaya a Ikko yake ci masa, da kuma nawa ya kamata ya ɗora a kan kowace dila ko katan kafin ya sa farashi.