Allon da Ke Cikin Jini: Daga Arlit Zuwa Ɗakin Gwaji

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Arlit da Akokan, garuruwan da yuraniyom ya haifa a arewacin Agadez.

Tun 1971 kamfanin SOMAÏR ke haƙo ma'adinin nan. COMINAK ya biyo baya a 1978, ya rufe raminsa ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tsibin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 a bakin gari. Ƙungiyar Aghir in'Man ta Almoustapha Alhacen, da masana na CRIIRAD daga Faransa da suka zo a 2003, sun sha auna ruwa da ƙura da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. Amma tambayar tsohon ma'aikaci ba ta ƙura ba ce. Cewa yake: "Ni jikina fa, likita, me abin ya yi masa?"

Akwai hanyar da masana ke tambayar jini. Ku ɗauki DNA tamkar littafin malam da ke cikin gafaka, ba a fita da shi. Duk karatun da ƙwayar jiki ke buƙata yau, sai ta kwafe shi a allo, allon nan shi ne RNA. Idan tururin nukiliya ya raunata fararen ƙwayoyin jini, sukan buɗe shafukan gyara, irin su FDXR da CDKN1A, su yi ta rubuta alluna. Wanda ya ƙirga allunan ya san an taɓa su.

Matsalar ita ce allo wanke shi ake yi, kuma na'urar PCR da ake ƙirgar da ita takarda kaɗai take karantawa, wato DNA. To a 1970 Howard Temin da David Baltimore, kowa a nasa ɗakin gwajin a Amurka, suka gano wani sinadari a jikin ƙwayoyin cuta wanda ke kwafi da baya, daga allo zuwa takarda. Ya kai su ga lambar Nobel a 1975. Shi ne yau ake sayarwa cikin ɗan kwali, kwalabe ƙanana da ba su kai ɗan yatsa ba.

Ku zo mu leƙa teburin ma'aikaciyar gwaji. Safar hannu ce farko, domin fatarmu kanta na ɗauke da abin da ke cinye RNA. Taɓawa ɗaya, aikin yini ya tafi. Komai a kan ƙanƙara yake. Ta zuƙo RNA da bututun awo, ta ƙara ruwan haɗi da sinadarin, duka-duka ba su kai ɗigon hawaye ba. Ta sa a na'ura mai ɗumi kamar digiri 42, wato zafin ranar Arlit a watan Mayu. Kafin awa guda an sami kwafi. Daga nan PCR ta karɓa, kowane zagaye tana ninka shi biyu. Shafin da ya bayyana da zagaye ɗaya kafin na lafiyayye, allunansa sun ninka ke nan.

Ba baƙon abu ba ne a Nijar. Da wannan dabara cibiyar CERMES ta Yamai ta riƙa gano korona tun 2020. Sai dai tsakanin Arlit da Yamai kusan kilomita 1,200 ne, kuma wanda ya bi hanyar Agadez ya san yadda take cin mota. Kwalin yana son sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, RNA kuwa 80. Bututun musamman na adana jini kwana uku kawai yake iyawa, shi ma in zafi bai wuce digiri 25 ba. Ina Arlit, ina 25?

Sannan mu faɗi gaskiya, ko da ba daɗi. Allon nan labarin jiya da shekaranjiya yake bayarwa. Bayan 'yan kwanaki rubutun ya dushe. Zai yi amfani ga ma'aikacin da hatsari ya rutsa da shi yau. Ba zai ba da shaidar shekara talatin da Baba, tsohon ma'aikaci, ya yi yana shaƙar iskar radon a ƙarƙashin ƙasa ba, iskar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a bayan taba wajen jawo sankarar huhu. Wannan shaida tana cikin takardun awon tururi na kowane ma'aikaci, da hoton ƙirji, da rajistar masu sankara da ba ta tsallake kowa.

Tun Yunin 2025 SOMAÏR ya koma hannun gwamnatin Nijar, don haka nauyin ya dawo gida. Kiranmu ga hukuma: a kawo ɗakin gwaji da wutar da ba ta yankewa nan jihar Agadez, a kuma miƙa wa kowane tsohon ma'aikaci takardunsa. Kai kuma Baba, in tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kar ka jira ɗan kwali daga Yamai, ka je likita a ɗauki hoton ƙirjinka.