Hasken Leza: Binciken Da Ya Daɗe A Ɗakin Gwaji Kafin Ya Mamaye Kasuwa

A watan Disamba na shekarar 2023 ne kamfanin ASML da ke garin Veldhoven na ƙasar Holan ya fara aika wa kamfanin Intel na Amurka sassan wata sabuwar na'ura da ake zana ƙwaƙwalwar kwamfuta da ita, wadda farashinta ya haura dalar Amurka miliyan 350. Babu wani kamfani a duniya da ke ƙera wannan nau'i na na'ura in ban da shi, kuma tun daga shekarar 2019 gwamnatin Holan, bisa matsin lambar Amurka, ba ta ba shi izinin sayar wa ƙasar Sin ko guda ɗaya ba.

Ƙashin bayan wannan na'ura shi ne wani leza mai ƙarfin gaske da kamfanin TRUMPF na Jamus ke haɗawa. Aikinsa shi ne harbin ɗigon narkakken kuza, irin ma'adinin nan da aka san tsaunukan Jos da shi, har ɗigo 50,000 a kowace daƙiƙa. Duk ɗigon da aka harba yakan tarwatse ya fitar da wani haske mai tsawon zango na nanomita 13.5, sai madubai ƙirar kamfanin Zeiss su tattara shi su zana hanyoyin lantarki a kan farantin silikon. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin mutum yakan kai kimanin nanomita 80,000. Da wannan haske ake yin ƙwaƙwalwar manyan wayoyin hannu na zamani.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a tarihin leza shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin gano abu a ɗakin gwaji da ranar da zai fara kawo kuɗi, da kuma wanda ribar ke faɗawa hannunsa idan ranar ta zo.

Ranar 16 ga watan Mayun 1960 Theodore Maiman ya kunna leza na farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke jihar Kalifoniya, inda ya yi amfani da sandar jan yaƙutu. A wancan lokaci har ba'a ake yi wa abin, ana cewa magani ne da ke yawon neman cutar da zai warkar. Sai bayan shekaru 14, a watan Yunin 1974, aka fara karanta farashin kaya da leza a wani kanti da ke jihar Ohayo, faifan CD kuma bai shiga kasuwa ba sai 1982. Gordon Gould, wanda ya rubuta sunan leza a littafin bincikensa tun 1957, ya shafe kusan shekaru 30 yana shari'a kan haƙƙin mallakar ƙirƙirar. Ya yi nasara daga bisani, amma kafin nan ya riga ya sayar da mafi yawan rabonsa domin ɗaukar nauyin shari'ar.

Zuwa farkon shekarun 1980 masu bincike sun ci karo da wani shinge. Suna iya samar da walƙiyar haske mai gajeren lokaci ƙwarai, amma da zarar sun nemi ƙara mata ƙarfi sai ta lalata na'urar da ke ƙarfafa ta. A shekarar 1985 Donna Strickland, 'yar ƙasar Kanada da ke karatun digiri na uku a Jami'ar Rochester ta Amurka, tare da malaminta Gérard Mourou, Bafaranshe, suka fito da dabarar da ta warware matsalar. Da farko ana miƙe walƙiyar ta yi tsawo don zafinta ya ragu, wanda suka yi ta hanyar tura ta cikin zaren gilashi mai tsawon kilomita 1.4. Daga nan a ƙara mata ƙarfi ba tare da an yi ɓarna ba, sa'annan a sake matse ta ta koma gajeriya, ɗauke da dukkan ƙarfin da aka zuba mata. Wannan aiki ne ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar lissafin halitta a shekarar 2018, wato bayan shekaru 33.

Gajartar da ake magana a kai ta wuce abin da hankali ya saba da shi. Ana auna ta da femtosakan, kuma matsayin femtosakan ɗaya a cikin daƙiƙa guda kamar matsayin daƙiƙa guda ne a cikin shekaru kusan miliyan 32. Da irin wannan walƙiya ce Ahmed Zewail, ɗan asalin ƙasar Masar, ya bi diddigin yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa da rabuwa yayin da sinadarai ke sauyawa, abin da ya ba shi Nobel a 1999.

Amfaninta ga masana'antu ya taso ne daga abu guda. Leza na yau da kullum da zafi yake yanka, yana narkar da gefen abin da ya taɓa. Walƙiyar femtosakan kuwa takan gama aikinta ta ɗauke kafin zafin ya samu damar bazuwa, saboda haka wurin da aka nufa kaɗai ke fita, gefensa ya zauna sumul.

Tsautsayi ne ya fara nuna inda kuɗin yake. A shekarar 1993 hasken ya shiga idon wani ɗalibi a ɗakin gwajin Mourou, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Michigan. Likitan da ya duba shi, Ron Kurtz, ya yi mamakin tsaftar raunin, domin babu ƙuna a kewayensa. Daga nan shi da masanin kimiyya Tibor Juhasz suka kafa kamfanin IntraLase a 1997, wanda ya ƙera na'urar yanka tantanin gaban ido ba tare da aska ba, ga masu son rabuwa da tabarau. A shekarar 2007 kamfanin Advanced Medical Optics ya saye shi kan kuɗi kimanin dala miliyan 808.

A Jamus kuwa, kamfanonin Bosch da TRUMPF tare da Jami'ar Jena ne suka shigar da fasahar cikin masana'anta, inda ake huda ƙananan ramukan nozul da ke fesa mai a injin mota, don man ya ƙone da kyau kuma a rage shansa. Sun sami lambar yabo ta shugaban ƙasar kan ƙirƙira a 2013. Haka zalika da irin wannan leza ake yanka gilashin fuskar waya da 'yan ƙananan bututun da ake sa wa a jijiyar zuciya.

Manyan na'urorin da suka fi kowanne ƙarfi dai har yanzu aljihun gwamnatoci ne ke ɗaukar nauyinsu. Ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka ne ya fara kai wa ga ƙarfin fetawat ɗaya a 1996. An zuba fiye da Yuro miliyan 800, mafi yawansu daga Tarayyar Turai, wajen gina cibiyoyi uku a Jamhuriyar Cek da Hangari da Romaniya, kuma a 2019 na'urar da kamfanin Thales na Faransa ya haɗa a garin Magurele na Romaniya ta kai fetawat 10. Wannan ya ninka ƙarfin dukkan tashoshin wutar lantarki na duniya fiye da sau dubu. Sai dai kada adadin ya ruɗi kowa, domin makamashin da ke cikin walƙiyar bai wuce abin da ƙwan fitila mai wat 60 zai sha cikin daƙiƙa huɗu ba, matse shi da aka yi cikin femtosakan ashirin da 'yan kai ne ya ba shi wannan ƙarfi. Fatan masu binciken shi ne su yi amfani da shi wajen rage girman na'urorin da ke gudun da ƙwayoyin zarra, irin waɗanda ake maganin ciwon daji da su, daga girman babban gini zuwa na ɗaki guda.

Akwai darasi ga masu zuba jari a abin da ya faru ranar 5 ga Disamban 2022 a cibiyar National Ignition Facility ta Livermore, wadda ta ci dala biliyan 3.5. An haɗa haskoki 192 a kan ɗan ƙanƙanin makamashin nukiliya, aka zuba megajul 2.05 aka samu 3.15, karo na farko da abin da ya fito ya zarce abin da leza ya kai. Labarin ya karaɗe duniya, amma na'urorin sun ja kimanin megajul 300 daga layin wuta kafin su yi wannan harbi ɗaya. Tazarar da ke tsakanin wannan nasara da tashar wuta mai sayar wa jama'a lantarki ba ƙarama ba ce.

A ɗaya ɓangaren kuma, gasar ƙanƙanta leza ce ta fi kusa da aljihun mai saye. Tun 1977 Kenichi Iga na Cibiyar Fasaha ta Tokyo ya tsara wani ɗan ƙaramin leza mai fitar da haske ta samansa, wanda za a iya jera dubbansa a kan faranti ɗaya a gwada su kafin a yanka, abin da ke karya farashi. Shekaru 40 bayan haka, a 2017, kamfanin Apple ya sa shi a wayar iPhone X domin gane fuskar mai ita ta hanyar watsa ɗigon haske 30,000, kuma a ƙarshen wannan shekara ya ware dala miliyan 390 ga kamfanin Finisar don ya faɗaɗa ƙera su. Dangin waɗannan ƙananan leza ne kuma ke tura saƙonni cikin wayoyin zaren gilashi na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022. 'Yan kasuwar Nijeriya sun ɗanɗana muhimmancinsu a watan Maris na 2024, lokacin da wasu daga cikin wayoyin suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka tsaya cik.

Masu bincike na son sauka ƙasa da haka, zuwa ma'aunin nanomita. A 2001 tawagar Peidong Yang ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta samar da leza daga siririn zaren sinadarin zinki. A 2003 David Bergman da Mark Stockman suka ba da shawarar a ɗaure haske a jikin ƙarfe, inda zai yi motsi tare da ƙwayoyin lantarkin da ke fatarsa, kuma a 2009 wata tawaga ƙarƙashin Mikhail Noginov ta Jami'ar Norfolk State ta ba da rahoton irin wannan na'ura mai faɗin nanomita 44, da ƙwayar zinariya a tsakiyarta.

Dalilin wannan nema na kuɗi ne tsantsa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya a 2024, kuma wani kaso mai yawa yana tafiya ne wajen kai bayanai ta wayoyin tagulla daga wannan ƙwaƙwalwa zuwa waccan. Duk wanda ya iya maye gurbin tagullar da haske a cikin ƙwaƙwalwar kanta zai rage wa masu cibiyoyin kuɗin wuta da na sanyaya ɗaki. Matsalar ita ce ƙarfen da ke matse hasken shi ne kuma ke shanye shi ya mayar da shi zafi, shi ya sa da dama daga cikin na'urorin gwaji sai an sanyaya su, ko kuma a kunna su da wani babban leza daga waje, wanda babu mai sayen kayan da ke buƙatar haka.

Yadda aka ɗauki nauyin na'urar ASML ya nuna irin haƙurin da wannan fanni ke nema. Da kuɗin bincike ya yi wa kamfanin yawa, a 2012 manyan abokan cinikinsa uku, wato Intel da TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu, suka sayi kashi 23 cikin ɗari na hannun jarinsa, suka kuma yi alkawarin Yuro biliyan 1.38 na bincike. Duk da haka sai a 2019 aka fara sayar da kayayyakin da aka yi da na'urar da yawa.

Akwai kuma batun albarkatun ƙasa. Silikon da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi ba ya fitar da haske yadda ya kamata, don haka ƙananan leza sun dogara ne ga ma'adinai irin su galiyom da indiyom. Ƙasar Sin ce ke samar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen galiyom a duniya, kuma daga watan Agustan 2023 ta wajabta neman lasisi kafin a fitar da shi waje.