Tsuntsun da ke bin kwarkwasa

Duk manomi ya san belbela. Inda shanu ke kiwo, nan take. Saniya ta taka ciyawa, fara ta tashi, belbela ta cafe. To, a can kurmi, ƙasashen da ƴan uwanmu ke zuwa bida, akwai wani ɗan tsuntsu mai irin wannan dabara. Amma shi ba shanu yake bi ba, kwarkwasa yake bi.

Masana suna kiran shi alete. Tsawonsa wajen santimita 18 ne. Bayansa ƙasa-ƙasa, cikinsa fari, da ɗan ja bisa kai. Ana samun shi a dazuzzukan Gana, Kodibuwa, Laberiya da Gine, inda ruwan sama ke da yawa, itatuwa kuma sun haɗe har rana ba ta kai ƙasa.

Wanda ya taɓa kwana a kurmi ya san kwarkwasa ba abin wasa ba ce. Gida guda yana ƙunsar miliyoyi. In suka fito farauta, sai su bazu bisa busasshen ganye kamar ruwa ya ci gari. Gyare, gizo-gizo, kyankyaso, tsutsa, kowa ya bar maɓoyarsa ya ranta a na kare. Alete yana nan bisa ƙaramin reshe, kusa da ƙasa, yana kallo. Ƙwaro ya tsere wa kwarkwasa, sai ya sauko ya ɗauke shi, ya koma reshensa. Wasu sun yi aiki, shi ya ci riba! In wani tsuntsu ya matso, kora ce.

Sai dai wannan abinci yana da sharaɗi. Kwarkwasar da yake bi tana son inuwa da laima, tana kuma bukatar daji mai faɗi. In an sare daji ya koma ƴan guntaye, sai ta ragu, tsuntsayen da ke bin ta su ma su ragu.

Sara kuwa an yi ta. A farkon ƙarni na 20, Kodibuwa tana da daji kamar hekta miliyan 16. Ƙidayar shekarar 2021 ta tarar da abin da bai cika miliyan 3 ba. Gonakin koko da masu katako ne suka cinye mafi yawa. Babban abin da ya saura shi ne gandun Tayi, kusa da iyakar Laberiya, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1982. A can, har yanzu, in kwarkwasa ta fito da safe, alete yana biye.