Sarakunan Yaƙin Gumel: Abin da Ya Tabbata da Abin da Baki Ya Ƙara

A majalisun hira daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, in aka taɓo yaƙe-yaƙen Lautai, wato ƙasar Gumel, kowa da gwaninsa. Sai dai maganganu da yawa kirari ne, ba tarihi ba.

Masu cewa Gumel ba ta taɓa karɓar tutar Shehu Usmanu ba sun faɗi gaskiya. Mangawan da Ɗan Juma ya kafa wa sarauta wajen 1750 sun tsira daga hare-haren jihadi, ba su shiga daular Sakkwato ba. Amma ƙarin da ake yi cewa ba su taɓa bin kowa ba kuskure ne: Gumel ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, kuma inuwar Barno na cikin abin da ya tsare ta.

Haka zancen wai ba a taɓa cin sarkin Gumel a fagen fama ba, shi ma kuskure ne. Gaba da Haɗeja ta ɗauki shekaru fiye da arba'in, ba ta lafa ba sai da Sarki Abdullahi ya faɗi a yaƙi a 1872. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sarkin da ya mutu a gaban dakarunsa bai bar abin kunya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗora kowace ɓarna a kan Haɗejawa da Damagarawa. Bature matafiyi Heinrich Barth ya iske kasuwar Gumel maƙil a 1851, a ƙarshen zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Da ya sake biyowa a 1854, gari ya lalace, kuma rikicin gadon sarauta ne ya cinye shi. An tuɓe Ceri, magajin Ɗan Tanoma, aka naɗa Muhammadu Atu, Ceri ya sake dawowa. 'Yan gida ɗaya ne suka yi wa garin wannan rauni.

Sarki Ahmadu kuwa, masu kiransa matsoraci don ya bi Turawa a 1903 ba su yi masa adalci ba. Harin kamun bayi daga Damagaram ya riga ya kwashe jama'ar ƙasarsa, Kano mai ganuwa ta faɗi a Fabrairun shekarar. Haɗeja ta ja daga a 1906, aka kashe sarkinta Muhammadu da manyan jarumansa a rana ɗaya. Ahmadu ya auna ƙarfin da ya rage masa, ya zaɓi kada a ƙone Gumel.