Japan da bashin da ba a gama biya ba

Da tsakar daren 23 ga Disamba, 1948, aka rataye mutum bakwai a gidan yarin Sugamo da ke birnin Tokiyo. Cikinsu akwai Janar Hideki Tojo, wanda ya shugabanci gwamnatin Japan a mafi yawan shekarun yaƙinta da Amurka, da Janar Iwane Matsui, kwamandan rundunar da ta ci birnin Nanjin na ƙasar Sin. Washegari aka buɗe ƙofar wannan gidan yari aka sallami wasu manya da ake tsare da su bisa irin wannan zargi, ba tare da an gurfanar da su gaban kowace kotu ba. Ɗaya daga cikinsu, Nobusuke Kishi, minista ne a gwamnatin Tojo, kuma da sa hannunsa aka yi shelar yaƙi a 1941. Shekara tara ba ta cika ba ya zama Firaministan Japan. Jikansa, Shinzo Abe, shi ma ya hau wannan kujera, ya kuma fi kowa daɗewa a kanta.

Duk mai mamakin abin da ya sa har yau, bayan shekara tamanin, Sin da Koriya ba su daina yi wa Japan tuni ba, to ya dubi waɗannan ranaku biyu. A ganina, tarihin sojan Japan tun daga 1928 labari ne na laifin da aka ƙi hukuntawa, wanda ya haifi wanda ya fi shi, kuma da ranar hisabi ta zo sai aka yi rabi aka bar rabi.

Ɓarakar ta samo asali ne daga tsarin mulkin 1889, wanda ya ɗora soja a ƙarƙashin Sarki kai tsaye. Firaminista da majalisa ba su da ta cewa kan tura runduna ko janye ta. Akwai kuma wata ƙa'ida, da aka kafa a 1900, aka sassauta a 1913, aka dawo da ita a 1936, cewa ministan soja sai hafsan da ke bakin aiki. Ke nan ranar da janar-janar suka gaji da gwamnati, sai su janye mutuminsu su ƙi ba da wani, gwamnati ta rushe. Ga shi kuma nasara ta saya musu farin jini: sun doke Sin a 1895 sun karɓe tsibirin Taiwan, sun doke Rasha a 1905, sun haɗiye Koriya a 1910. Al'ummai da dama da ke ƙarƙashin Turawa sun yi murna a 1905, ganin ashe Bature ma yana cin ƙasa. Ba su san cewa Japan ta koyi mulkin mallaka ne don ta yi shi, ba don ta kawar da shi ba.

A watan Yunin 1928 wasu hafsoshin rundunar Japan da ke gadin layin dogo a yankin Mancuriya suka dasa nakiya suka kashe Zhang Zuolin, madugun da ke mulkin yankin. Babu wanda ya ba su umarni. Firaminista Giichi Tanaka ya so a kai su kotun soja, manyan hafsoshi suka ce atafau. Kanar ɗin da ya kitsa abin aka cire shi daga muƙami kawai, Firaministan kuwa shi ya rasa kujerarsa a 1929. Ƙananan hafsoshi suka ɗauki darasi.

Ranar 18 ga Satumba, 1931, aka maimaita. Kanar Seishiro Itagaki da Laftanar-Kanar Kanji Ishiwara suka sa aka tayar da wata 'yar nakiya a layin dogo kusa da birnin Mukden, wadda ba ta ma hana jirgi wucewa ba, suka ce Sinawa ne. Gwamnati a Tokiyo ta ba da umarnin kada faɗan ya faɗaɗa, sojoji suka yi kunnen uwar shegu. Kwamandan Japan a Koriya, Janar Senjuro Hayashi, ya tsallaka iyaka da dakarunsa ba da izinin Sarki ba, laifin da a dokar soja babba ne ƙwarai. Cikin 'yan watanni Mancuriya ta faɗa hannunsu, suka naɗa Puyi, sarkin Sin na ƙarshe, a matsayin ɗan amshin shata. Me ya sami masu laifin? Hayashi ya zama Firaminista a 1937, Itagaki ya zama ministan soja a 1938, Ishiwara ya zama janar. Jaridu sun yi ta yi musu kirari, talakawa kuma sun tafa, domin lokacin tattalin arzikin duniya ya karye, farashin siliki ya faɗi warwas, har manoman arewacin Japan na sayar da 'ya'yansu mata saboda yunwa. Da ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi tir da mamayar da ƙuri'a 42 a kan 1 a 1933, sai wakilin Japan ya tattara takardunsa ya fice. Babu abin da ya biyo baya.

A gida ma haka. A watan Mayun 1932 wasu matasan hafsoshin ruwa suka shiga gidan Firaminista Tsuyoshi Inukai, dattijo mai shekara 76, suka harbe shi. A kotu suka mayar da akwatin tuhuma dandalin wa'azin kishin ƙasa, takardun neman afuwa suka yi ta kwarara daga jama'a, aka yi musu hukunci mai sauƙi. Sai a Fabrairun 1936, da sojoji sama da 1,400 suka mamaye tsakiyar Tokiyo suka kashe manyan jami'ai, ciki har da ministan kuɗi Korekiyo Takahashi, sannan Sarki Hirohito ya fusata ya ce a murƙushe su. Cikin kwana huɗu aka gama, aka harbe jagororin. Mai karatu ya riƙe wannan: ranar da Sarki ya so tsawatarwa, ya tsawatar, kuma an ji.

Sojan da ya saba ƙetare umarni a sama ba zai kiyaye haddi a ƙasa ba. Yaƙi gadan-gadan da Sin ya ɓarke a Yulin 1937, ranar 13 ga Disamba Nanjin ta faɗi. Makonni shida aka yi ana jera fursunoni a bakin kogi ana harbewa, ana gwajin banati a jikin mutane masu rai, ana bi gida-gida ana yi wa mata fyaɗe. Kotun Tokiyo ta ƙiyasta mamata sama da 200,000, ta kuma ce mata kimanin 20,000 aka ci zarafinsu a watan farko kaɗai. Sin na cewa 300,000 aka kashe. Wani abin al'ajabi, mutumin da ya jagoranci kafa tudun mun tsira ga fararen hula wajen 200,000 a birnin Bajamushe ne, John Rabe, ma'aikacin kamfanin Siemens, ɗan jam'iyyar Hitila.

Sauran an fi saninsa. Amurka ta hana Japan mai a 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba, ta ci Singafo a Fabrairun 1942, ta bazu har Bama da taken “Asiya ta 'yan Asiya”. Amma a aikin layin dogo mai kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama, inda fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka mutu, leburorin tilas 'yan Asiya da suka halaka sun kai kimanin 90,000. Dubban mata kuma, akasarinsu daga Koriya da Sin, aka tsare a gidajen da soja ya kafa don biya wa dakaru buƙata.

A Bama ɗin ne wannan yaƙi ya taɓo mu. Ingila ta kwashi kakanninmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, kuma Hausa ce harshen da da yawansu ke magana da shi a bariki. Barikin Chindit na Zariya, da Myohaung da Arakan na Legas, da Burma Camp na Akara, duk daga can sunayensu suka fito. Kullum muna wucewa ta ƙofarsu, amma ɗalibai nawa ne za su iya faɗin abin da ya kai mazan jiya can, ko irin abokan gabar da suka tarar?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Runduna ta 731. A Pingfang, kusa da birnin Harbin, wani likitan soja, Shiro Ishii, ya gina sansani inda ake ɗura wa mutane ƙwayoyin annoba da kwalara, a feɗe su da ransu don a ga yadda cutar ke cin jiki, a daskarar da hannuwansu don nazarin sanyi. Ma'aikatan na kiran waɗannan bayin Allah “gungume”. Aƙalla mutum 3,000 suka mutu a ciki, ban da waɗanda suka halaka da aka watsa ƙwari masu ɗauke da annoba a garuruwan Ningbo a 1940 da Changde a 1941. Bayan yaƙi Amurka ta yi ciniki da Ishii: ya miƙa sakamakon gwaje-gwajensa, ita kuma ta rufe bakinta. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ya mutu a Tokiyo a 1959. Wasu yaransa suka zama manyan malaman jami'a da shugabannin kamfanonin magunguna. Tarayyar Sobiyet ce ta gurfanar da mutum 12 a Khabarovsk a 1949, Turawan Yamma kuma suka ce farfaganda ce.

Kotun Tokiyo ta zauna daga Mayun 1946 zuwa Nuwamban 1948, da alƙalai 11 da waɗanda ake tuhuma 28. Sarki Hirohito ba ya cikinsu, ko a matsayin shaida. Janar MacArthur, wanda ke mulkin Japan a madadin ƙasashen ƙawance, ya ga cewa da Sarki a gadonsa ƙasar za ta fi sauƙin riƙo, don haka aka tsara shari'ar bisa maganar nan tamu ta ba a mugun sarki sai mugun bafade. Yarima Asaka, ɗan gidan sarauta da ke jagorantar dakaru a Nanjin, shi ma bai ga kotu ba. Ɗan Japan da ya ga mutumin da aka yi komai da sunansa yana nan daram har 1989, yaya za a yi ya ji nauyin laifin a wuyansa? Kuma kotun ba ta ce uffan ba kan mutum kimanin 100,000 da jiragen Amurka suka ƙone a Tokiyo cikin dare guda a Maris 1945, ko kan Hiroshima da Nagasaki. Alƙalin Indiya, Radhabinod Pal, ya kafa hujja da irin wannan ya ce a sallami kowa, ko da yake bai musanta ta'asar ba. Masu tsattsauran ra'ayin Japan sun riƙe rabin farko na maganarsa sun yar da na biyu.

Da Kwaminisanci ya ci Sin a 1949, yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka ta fi buƙatar Japan mai ƙarfi a kan Japan mai nadama. Zuwa 1956 an saki duk manyan da kotun ta ɗaure. Mamoru Shigemitsu, da aka yanke wa shekara bakwai, ya koma ministan harkokin waje a 1954.

Adalci ne a faɗi cewa Japan ta canza. Sashe na 9 na tsarin mulkin 1947 ya haramta mata yaƙi, kuma tun daga lokacin ba ta mamaye kowa ba. Ta biya diyya ga Bama da Filifin da Indunusiya, ta ba Koriya ta Kudu tallafin Dala miliyan 300 da rancen miliyan 200 a 1965. A 1993 sakataren gwamnati Yohei Kono ya amsa cewa da hannun soja a tsare matan nan, a 1995 Firaminista Tomiichi Murayama ya nemi gafara ƙarara. Gaskiya ne kuma gwamnatocin Sin da Koriya kan fito da wannan miki duk lokacin da siyasar gida ta buƙata. Sai dai matsalar ita ce duk tubar da hannun dama ya miƙa, hannun hagu kan janye. A 1978 masu kula da wurin bautar Yasukuni suka shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14, har da Tojo, cikin waɗanda ake girmamawa. Hirohito kansa bai sake taka wurin ba, amma Firaminista Koizumi ya je kowace shekara daga 2001 zuwa 2006, Abe ma ya je a 2013. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar, Saburo Ienaga, ya shafe shekara 32 a kotu, daga 1965 zuwa 1997, yana ja da ma'aikatar ilimi da ta tace littafinsa na makaranta, kafin kotun ƙoli ta ce umarnin share batun Runduna ta 731 ya saɓa doka.

A 2022 Japan ta yanke shawarar ɗaga kasafin tsaronta zuwa kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa, tana mai nuni da ƙarfin Sin da makaman Koriya ta Arewa, kuma tsoron nata ba na banza ba ne. Amma maƙwabtanta na jin labarin da kunnen 1931. A birnin Seoul, tun Janairun 1992, 'yan watanni bayan wata tsohuwa mai suna Kim Hak-sun ta fito bainar jama'a ta faɗi abin da sojan Japan suka yi mata tana budurwa, ake taruwa kowace Laraba a gaban ofishin jakadancin Japan. Matan da abin ya faru a kansu sun kusa ƙarewa. Jikokinsu ne yanzu ke riƙe da allunan.